Barcin waya da farkawarta: abin da ke sa batiri ya daɗe, saƙo kuma ya makara

Da dama daga cikin masu wayar salula na kokawa cewa saƙon WhatsApp ba ya shigowa sai sun taɓa wayar, kuma galibi rezo ake ɗora wa laifi. To amma sau da yawa wayar ce da kanta ta yi barci domin tattalin batiri. Ga yadda ake tsara wannan barci, da abin da mai waya zai iya gyarawa.

Mu ɗauki misalin ɗan kasuwa a Maraɗi da ke jiran abokin cinikinsa na Damagaram ya turo masa hoton takardar aiken kuɗi kafin ya ɗora kaya a mota. Ya ajiye waya bisa tebur, shiru, har kusan awa guda. Da ya gaji ya ɗauke ta ya kunna fuskarta, sai ga saƙonni sun zubo a jere, har da wanda yake jira, kuma lokacin da ke jikinsa ya nuna tun ɗazu aka turo shi. Mota kuwa ta riga ta tashi. Duk mai babbar waya ya taɓa ganin irin wannan.

A gefe guda, wannan ɗan kasuwa shi ne kuma zai fi kowa jin haushi idan batirinsa ya mutu kafin la'asar. A nan Nijar batiri ba abin wasa ba ne. Kafin watan Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar lantarkin ƙasar daga Najeriya take zuwa, kuma kowa na tune da yadda aka sha duhu bayan an yanke layin a watan Agustan shekarar sakamakon takunkumin CEDEAO. A ƙauyuka da yawa har yanzu sai an kai waya wurin mai caji an biya. Ke nan abu biyu muke nema wurin waya: ta daɗe ba ta mutu ba, kuma ta amsa nan take. Waɗannan buƙatu biyu kishiyoyin juna ne, kuma akwai wanda aikinsa shi ne sasanta su dare da rana.

Wa ke riƙe da makunnin wuta a cikin waya?

Waya tarin sassa ce. Akwai ƙwaƙwalwa mai yin lissafi, akwai RAM inda ake ajiye aikin da ake kai, akwai fuskar waya, kamara, lasifika, GPS, Wi-Fi, Bluetooth, da guntun da ke magana da eriyar kamfanin sadarwa. Kowane sashe yana shan wuta muddin yana kunne. Manhajar da ke shugabantar su duka ita ce ake kira noyau da Faransanci, kernel da Ingilishi, ma'ana ƙwallon da ke cikin ɗan itace kamar na dabino. A nan za mu ce masa karnel. WhatsApp ko Facebook ba sa taɓa kamara ko eriya da kansu, sai sun bi ta hannunsa. Shi ne kuma ke kunna kowane sashe, ya kashe shi.

Wayoyin Android, wato su Tecno, Itel, Infinix da Samsung da suka cika kasuwanninmu, duka a kan karnel ɗin Linux aka gina su, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a shekarar 1991 yana ɗalibi a jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. iPhone da kwamfutocin Windows suna da nasu, matsalar dai iri ɗaya ce. Da yake Linux a buɗe yake, kowa na iya karanta yadda aka rubuta shi, da shi za mu yi misali.

Ɗan lissafi zai nuna girman aikin. Batiri mai lamba 5000 mAh, irin wanda ake talla da shi, wutar da ke cikinsa ba ta wuce ta kunna ƙwan lantarki mai wat 19 na awa guda ba. Mu ƙaddara waya na shan wat 2 idan komai nata na aiki: ba za ta cika awa 10 ba. Saboda haka wayar da ke yini ta kwana har ta sake yini, ba girman batiri kaɗai ya kai ta ba. Yawancin lokacin sassanta a kashe suke, har ma a ɗan tsakanin da mutum ya danna harafi kafin ya danna na gaba.

Barci hawa-hawa ne

A dubi mai shago da rana tsaka, ba ciniki. Yana iya yin gyangyaɗi bisa benci, sallama ɗaya ta ishe shi ya miƙe. Yana iya kashe fitila da fanka ya shiga ciki ya kwanta, sai an buga ƙofa an ɗan jira. Yana kuma iya sa kwaɗo ya tafi gida. A nan babu abin da ke cin wuta, amma mai saye sai ya jira an kira shi, ya zo, ya buɗe, ya fito da kaya. Lokacin da ke tsakanin sallamar mai saye da miƙa masa kaya shi ne masana ke kira jinkirin farkawa. Gwargwadon nisan barci, gwargwadon tattalin wuta, gwargwadon kuma tsawon jira.

A duniyar kwamfuta, kamfanonin Intel, Microsoft da Toshiba ne suka fitar da ƙa'idar ACPI a 1996, wadda ta sa wa waɗannan matakai suna. Ƙwaƙwalwa tana C0 idan tana aiki, C1 shi ne gyangyaɗi, lamba na hawa barci na ƙara nisa. A mataki na farko bugun agogonta kawai ake tsayarwa. A matakai masu nisa, sai ta kwashe abin da ke ƴar ma'ajiyarta ta ajiye wani wuri, a yanke mata wuta, idan ta farka kuma sai an maido komai inda yake. Wayoyi suna amfani da ƙwaƙwalwa ƙirar ARM mai wasu sunaye daban, amma tsanin iri ɗaya ne.

A nan ana auna lokaci da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, da kuma mikrosakan, kashi ɗaya cikin miliyan. A teburin da Linux ke amfani da shi ga ƙwaƙwalwar Intel ƙirar Skylake ta 2015, farkawa daga C1 mikrosakan 2 ce, daga C6 mikrosakan 85, daga C10 kuma mikrosakan 890. Ko sakan ɗaya babu a ciki, amma tsakanin na farko da na ƙarshe akwai ninki sama da 400.

Sauran sassa sun fi haka nawa. Abin da aka jona ta USB, idan an ba shi izinin barci, Linux na kwantar da shi bayan sakan 2 ba aiki, tayar da shi kuma na cin wajen milisakan 30. Kati irin na PCI Express da aka yanke wa wuta ɗungurungum, ƙa'ida ta ce a jira milisakan 100 bayan wuta ta dawo kafin a yi masa magana. Tsohon faifan ajiya mai juyawa kuwa sai ya ɗauki sakanni kafin ya kama gudu.

Na'ura gaba ɗayanta ma tana barci. A matakin S3, wanda kwamfutar hannu da yawa ke shiga idan an rufe murfi, RAM kaɗai ake bar wa ƴar wuta don kada ta manta abin da ke cikinta. A matakin S4 ana rubuta komai cikin faifai a kashe na'ura ƙurmus. Wannan shi ne barci ƙanin mutuwa, tashi daga gare shi kuma ya fi daɗewa. Wajen tashi akwai bin layi: ba a tayar da sashe sai an tayar da wanda yake rataye a jikinsa. Sashe ɗaya mai nawa yana iya tsayar da duk na bayansa.

Lissafin ɗan kabu-kabu

Mai karatu zai iya cewa, to me zai hana a riƙa shiga barci mafi nisa kullum, tunda jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba? Dalili shi ne shiga barcin da fita daga cikinsa su ma suna cin wuta. Ɗan kabu-kabu da ke tsaye bakin tasha ya san wannan. Idan fasinja na ƙirga canji ne, barin inji na aiki ya fi. Idan kuwa babu alamar kowa, kashewa ta fi. Akwai wani tsawon jira da daga shi ne kashe inji ke fara zama riba.

Shi ya sa kowane mataki ke da lamba biyu: lokacin farkawa, da mafi ƙarancin lokacin da ya kamata a yi a cikinsa kafin a ci riba. A teburin Skylake da aka ambata, C10 na buƙatar a yi aƙalla mikrosakan 5000 a cikinsa. Idan aka tayar da ƙwaƙwalwa kafin nan, an yi asara biyu: an ɓata wuta, an kuma sa aiki jira.

Wahalar ita ce karnel bai san gaibu ba. Ya san lokacin da agogon da wata manhaja ta saita zai buga, amma bai san yaushe yatsa zai taɓa fuskar waya ko saƙo zai faɗo daga intanet ba. Dole ya yi hasashe. A Linux, ɓangaren da ke wannan hasashe sunansa gwamna. Yana duba agogon da ke tafe, ya duba tsawon barcin da aka samu a ƴan lokutan baya, sannan ya zaɓi mataki. Akwai gwamna mai suna menu da aka daɗe ana aiki da shi, sai kuma TEO da ya shigo a Linux 5.1 a 2019, wanda Rafael Wysocki ya rubuta, ɗan ƙasar Polan da ke kula da sashen tattalin wuta na Linux. Ana yanke irin wannan hukunci sau ɗaruruwa, wani lokaci dubbai, a cikin sakan guda.

An kuma gano cewa babban maganin shi ne rage masu tayar da mai barci. A da, karnel ɗin Linux na farkawa sau 100, 250 ko 1000 a kowane sakan don kawai ya duba agogo, ko da aiki ko babu. Mutumin da ake taɓawa haka ba zai taɓa yin barci mai nisa ba. A 2007 aka kawo gyaran da ya dakatar da wannan bugu idan ba aiki. A shekarar ce kuma Arjan van de Ven na kamfanin Intel ya fitar da PowerTOP, manhajar da ke tona asirin duk wata manhaja mai yawan tayar da ƙwaƙwalwa ba dalili. Android ma, daga siga ta 4.4 a 2013, ya fara haɗa agogunan manhajoji su buga tare. Manhaja goma su tayar da waya sau ɗaya su gama, ya fi kowacce ta tayar da ita a nata lokacin.

Aikin da ba ya jure jira

Akwai ayyukan da jinkiri ke lalatawa. Idan ana kira ko sauraron karatu, dole a riƙa zuba wa lasifika sauti kowane ƴan milisakan, in an makara murya ta kakkatse. Fuskar waya da ke sabunta hoto sau 60 a sakan tana da ƙasa da milisakan 17 ga kowane hoto, in ya wuce sai a ga bidiyo na tsalle.

Don haka Linux ya tanadi hanyar da sashe ko manhaja za su sa sharaɗi: kada a shiga barcin da tashi daga gare shi zai wuce kaza. Karnel na tattara duk sharuɗɗan ya bi mafi tsanani daga ciki. Amfanin a fili yake, haɗarin ma haka: sashe ɗaya da ya sa sharaɗi ya manta bai janye ba zai hana na'ura duka barci mai nisa. Masu manyan kwamfutocin kasuwar hannun jari, inda mikrosakan ke zama kuɗi, sukan toshe matakan barci masu nisa da gangan, su biya kuɗin wuta. Mai waya a Tawa ko Dogonduci ba shi da wannan zaɓi.

Rigimar Google da masu Linux

Lokacin da wayar Android ta farko ta fito kasuwa a 2008, injiniyoyin Google sun juya tsarin. A kwamfuta, na'ura a farke take sai an ce ta kwanta. A Android kuwa, da zarar fuskar waya ta mutu, wayar duka za ta kwanta, sai fa idan wata manhaja ta riƙe abin da suka kira wakelock, wato wani makulli mai hana barci. Manhajar da ke sauke fayil ko kunna waƙa za ta riƙe shi, ta sake shi idan ta gama.

Makullin na maganin wata matsala ta gaske. A ce mai shago na cikin sa kwaɗo, mai saye ya yi sallama daidai lokacin, bai ji ba ya wuce gida. Haka kira ko saƙo zai iya faɗowa a daidai lokacin da waya ke kwanciya, ta kwanta da shi ba a kula ba. Masu kula da Linux ba su musa matsalar ba, amma da yawansu sun ƙi hanyar, saboda tana buƙatar a taɓa sassa da yawa na karnel, kuma tana bai wa manhaja marar kyau damar riƙe makulli ta shanye batiri. An yi zazzafar muhawara a 2009 da 2010. Wysocki ne ya fito da hanyar sulhu, kuma a Linux 3.5 na 2012 aka shigar da tsarin barci da kai wanda ya biya buƙatar Android.

Fargabar masu Linux ta tabbata a aljihun jama'a. Wayar da aka ajiye da dare da caji mai yawa, aka wayi gari ta yi ɗumi batiri ya zube, sau da yawa wata manhaja ce ta hana ta runtsawa.

Dalilin makarar saƙo

Don maganin irin waɗannan manhajoji Google ya kawo tsarin Doze, ma'ana gyangyaɗi, a Android 6 a 2015. Idan waya ba ta jikin caji, fuskarta a kashe, kuma an bar ta wuri guda na wani lokaci, sai a yanke wa manhajoji intanet, a yi watsi da makullan da suka riƙe, a ɗage ayyukansu. Lokaci-lokaci ana buɗe musu ƴar ƙofa su yi abin da ya taru, a sake rufewa, kuma tazarar buɗewar na ƙaruwa gwargwadon daɗewar wayar a ajiye. Android 7 a 2016 ya ƙara wani sassauƙan gyangyaɗi da ke aiki ko waya na cikin aljihu ana tafiya. Android 9 a 2018 ya fara kasa manhajoji aji-aji, wadda ba a cika buɗewa ba a ƙara takura ta.

An bar ƙofar gaggawa. Kira da SMS suna shigowa, domin guntun da ke sauraron eriya ba ya barci mai nisa. A 4G yana leƙowa duk bayan milisakan 320, 640, 1280 ko 2560, yadda kamfanin sadarwa ya saita, ya ji ko ana nemansa, idan ana nema ya tayar da sauran waya. Agogon tashi da aka saita don asuba ko sahur shi ma yana bugawa. Manhajojin hira kuma suna da hanyar turo sanarwa mai alamar gaggawa ta kwamfutocin Google, wadda ke tayar da manhaja na ɗan lokaci.

Inda aka fi samun cikas shi ne kamfanoni da yawa masu ƙera waya suna ɗora nasu tsarin tattalin batiri a kan na Android, wani ya fi wani tsanani. Wasu na rufe manhaja gaba ɗaya da zarar an bar ta, har sanarwar gaggawa ba ta samun wanda zai karɓe ta. Idan aka haɗa da rezo mai rauni, sai saƙo ya zauna a hanya har mai waya ya kunna fuskarta. Batiri ya daɗe, an samu abin talla, amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ƙaramar waya mai madannai da ke kwanaki ba caji kuwa, sirrinta shi ne ba ta da tarin manhajojin da ke tayar da ita.

Abin da mai waya zai iya yi

Da farko a gano mai laifi. A tabbata forfe bai ƙare ba kuma intanet na kunne. Sannan a gwada: idan saƙonni na shigowa a kan lokaci sa'ad da waya ke jikin caji, amma suna makara idan an cire ta an ajiye a wuri ɗaya, to barci ne, ba rezo ba, domin Doze ba ya aiki a jikin caji.

Idan haka ne, a shiga Paramètres, a nemi Applications ko Batterie, a zaɓi manhajar da ake harka da ita, a cire mata takunkumin batiri. Sunan wurin ya bambanta daga waya zuwa waya, mai gyaran waya na iya nunawa. A yi wa manhaja ɗaya ko biyu kawai, waɗanda abinci ke jikinsu. Wanda ya sake su duka ya koma gidan jiya.

A kula da Économiseur de batterie. Yana da amfani ranar da aka ɗauke wuta, amma yana ƙara takura manhajojin da ke aiki a ɓoye, don haka ranar da ake jiran saƙo mai muhimmanci gara a kashe shi. A shafin Batterie kuma ana ganin manhajar da ta fi shan wuta. Wadda ba a buɗe ba amma take sama a jerin, a takura ta ko a goge ta. Manhajojin da ke iƙirarin share waya ko sanyaya ta galibi ba su da amfani: suna rufe manhajoji, su kuma su sake tashi, tashin kuma wuta yake ci.

A kan hanya, inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, waya na ƙara ƙarfin muryarta don eriya ta ji ta, a 2G har tana iya kai wat 2, tana kuma ta neman eriya ba hutu. Idan ba a jiran kira, danna alamar jirgin sama na ceton batiri sosai.

Ga wanda ke turo saƙon kuma, alamar ✓ ɗaya a WhatsApp na nufin saƙo ya bar wayarka amma bai isa ta wancan ba. Idan maganar kuɗi ce, ko mota na shirin tashi, ko marar lafiya, kada a tsaya kallon alama. A buga kira, ko da ƙara ɗaya ce. Kira na tayar da waya komai nisan barcinta, da zarar mai ita ya kunna fuskarta kuma saƙon zai shigo.